Injin da Ba Ya Jure Tsayuwa

Sunan mijina Zailani. Na faɗa sau ɗaya don a san wanda ake magana a kai, ba zan sake ba. Ni Baban Murja nake ce masa, mutanen Gwarzo kuma Injiniya, wasu don girmamawa, mafi yawansu don tsokana.

Lokacin da aka ɗaura mana aure ma'aikacin gwamnati ne, makanike a sashen jiragen feshi, ƙananan nan da ke bin tsuntsayen jan-baki idan sun sauka wa dawa. Shi ke kwance injin ya ɗaura, kuma matuƙin yakan ɗauke shi su tashi tare, har ya riƙa sakar masa sitiyari a sama. Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Aka tura jiragen cikin rumfa, kaji suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashinsu, aka sallami ma'aikata. Muka tattaro komatsanmu daga Kano muka dawo Gwarzo, ya buɗe rumfar gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Tuwo bai yanke mana ba. Amma mutumin da ya saba kallon gonaki daga sama ba ya ƙoshi da injin markaɗe. Ya ce zai ƙera jirginsa, mai kujera ɗaya, ya tashi da shi ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Injin ya samo shi ne daga wani saurayi, ɗan wani Kwara, Balarabe mai kanti a Kano, da ke tseren mota da abokansa a titunan bayan gari. Motar 'yar Japan ce, kuma makanikai sun ƙi taɓa ta, don sun buɗe sun nemi fistin sun rasa. Baban Murja ne ke zuwa yana duba masa ita. Ranar da saurayin ya rungumi wata darbejiya da motar, ya fito da karayar ƙafa da sabon tsoron Allah, ubansa ya ce a kwashe tarkacen kada ya sake ganin su. Baban Murja ya ciro injin ya kawo gida a bayan a-kori-kura, yana washe baki kamar wanda aka biya wa Makka.

Na san injin nan kamar yadda na san tukunyata, don ni ce mai miƙa masa sifana. Ba shi da fistin mai hawa da sauka. Cikinsa rami ne mai siffar kwanson gyaɗa, wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa a ciki. Ƙarami ne, mutum biyu sa ɗaga shi, ga ƙarfin tsiya, shi ya sa masu tsere da masu ƙananan jirage ke son irinsa. Aibinsa zafi. Wutar a gefe guda take ci kullum ba hutu, gefen nan yana gasuwa ɗayan yana shan iska. Ruwa kaɗai ba ya iya kwashe zafin sai baƙin mai ya taya shi, don haka lagireto biyu gare shi, na ruwa da na mai. Injin niƙa in ya tafasa, ka bar shi ya huce, ka zuba ruwa ka ci gaba da aiki. Wannan jikinsa na alminiyon ne. In ya tafasa sau ɗaya ya lanƙwashe, robobin ciki su saki, ruwa ya shiga inda wuta take, shi ke nan. Kayan gyaransa kuwa ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba a san su ba, kuma wani irinsa ba za mu sake samu ba.

"Injin nan ba ya jure tsayuwa," in ji shi tun farko. "A motar tseren ma, tana gudu allurar zafi na ƙasa, da ta shiga cunkoson Kano sai ta fara huci. Ita ma da take da fanka ke nan. A jirgi ba zan sa fanka ba, nauyi ne. Iskar sama ita ce fankarsa."

Farfelar jirgin a bayan kujera take, iskarta baya take tafiya, ba ta taɓa lagireton da ke ƙarƙashin ciki. Ke nan muddin jirgin na ƙasa, injin dafa kansa yake yi. Duk lokacin gwaji mukan ɗaure jirgin da igiya a jikin bishiyar mangwaron bayan gida, shi yana can yana sauraron injin, ni ina tsaye a gefen kujera idona a kan allura. Ya ɗiga jan fenti a kan gilashin agogon. Da allurar ta doshi jan nan, sai in murɗa makulli in kashe. Wata halayyar banza kuma da injin ke da ita, in aka kashe shi da zafi ba ya sake tashi sai ya yini yana hucewa.

Shekaru suka tafi a haka. Hambali, mai walda a Kabo, shi ya haɗa bututun jikin. Yadin fikafikai ni na ɗinka a kekena, har allurai suka ƙare a hannun mai koli. Murja, 'yarmu, da take rarrafe a ƙarƙashin fiffike, ta shiga sakandare. A kasuwa mata kan tambaye ni, "Sa'adiya, yaushe za a kai mu Jidda?" Ni kuma in ce su fara rage ƙiba, jirgin ba ya ɗaukar buhuna.

Tsokanar gari ba ta taɓa damun sa ba. Mutum ɗaya ne ke damun sa, mahaifina, Malam Zubair, limamin masallacin unguwarmu a Getso. Baba ya ba ma'aikacin gwamnati 'yarsa, ya wayi gari da suruki mai haɗa tsuntsun ƙarfe a bayan gida. Bai taɓa zagi ba, bai taɓa hanawa ba. Kawai dai bai taɓa tambaya ba. In muka je gaisuwa zai tambayi injin niƙa, ya tambayi awaki, ya tambayi rufin ɗaki, jirgi kuwa kamar babu shi a duniya. Shi kuma Baban Murja tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya tsugunna nesa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa. A hanyar dawowa sai haushi ya cika ni, in rasa wanda zan sauke wa a cikinsu.

A bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a jirgi ya kammala. Dagaci ya ba mu aron wani dogon faƙo a hanyar Kabo, wajen Dugabau, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Muka zaɓi safiya, kafin rana ta yi ƙarfi. Ba mu gayyaci kowa ba, amma muna isa muka tarar da mutane kamar ranar kasuwa, har da masu rake da masu ƙosai. A wannan shekarar ba a taro sai an raba maza da mata. 'Yan agaji suka ja igiya, mata a ƙarƙashin wata tsamiya, maza a ɗaya ɓangaren, kusa da jirgi.

Na ce wa Baban Murja, "In na koma can, wa zai kalli allura?"

Ya ce, "Ni ina kan kujera, zan gani da idona. Da ya ɗan ɗumama zan saki birki. Je ki, kada a ce matar Injiniya ce ta fara tsallake igiya."

Na tafi ina gunguni. Hambali ya jona batirin motarsa, injin ya tashi da ƙarar nan tasa mai tsinin da ke shiga haƙori, yara suka watse. Daga nan Baban Murja ya tura Hambali can ƙarshen faƙon ya kore awaki. Ya ɗaura hular kwano, ya zauna, ya sunkuya yana duban agogo. Na ga hannunsa ya tafi wajen birki. Gaskiya alfahari nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar aurena.

Sai na ga maza suna darewa. Babur ɗin yayana Ya'u ne ya shigo, Baba a baya da rawaninsa da sandarsa. Ba wanda ya san zai zo. Saboda ƙarar injin suka tsaya nesa kaɗan, kusa da tsamiyarmu, Baba ya sauko a hankali ya gyara riga ya tsaya yana kallon jirgin.

Baban Murja ya gan shi. Na san abin da zai yi tun kafin ya yi, don ba a gai da suruki daga kan kujera, balle da hular kwano a ka. Bai kashe injin ba, tunda in ya kashe tashin yau ya wuce, ga shi gaisuwa ce kawai a ganinsa. Ya sauko ya sa dutse a gaban taya, ya tuɓe hular, ya cire takalmi, ya tako faƙon nan da ƙafa ba komai ya zo ya tsugunna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Zailani. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali?"

"Suna lafiya."

"Ya su Murja? An ce ta yi zazzaɓi kwanaki."

"Ta warke, Baba."

"Madalla. Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne."

"Haka ne. Ya aiki?"

"Da godiya."

Baba ya ɗaga sanda ya nuna jirgin. "To wannan shi ne abin? Na ji an ce yau ne. Na ce bai kamata a ce duk ƙasar nan an zo, ni da nake uba ban zo ba. Ashe da gaske kake yi, Zailani. Ka yi ƙoƙari."

Daga inda nake na ga kafaɗun Baban Murja sun motsa. Shekara da shekaru yana jiran kalmar nan. Ni ma idona ya kawo ruwa, amma kunnena yana wajen injin, ina cewa a raina, to ya isa, Baba, sallame shi.

Sai wakilin dagaci, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, ya matso ya ce tunda ga Malam ya zo, ai ba a tashi ba addu'a ba. Wani ɗan agaji ya miƙa wa Baba lasifika. Jama'a suka zube ƙasa, hannaye suka tashi.

Duk wanda ya taɓa sallah a bayan Baba ya san addu'arsa ba ta gajerta, kuma ba don nuna sani yake yi ba, tsoro yake kada ya manta wani. Ya fara da salati. Ya roƙa wa jirgi tashi lafiya da sauka lafiya. Ya roƙa wa matuƙinsa, da wanda ya yi walda, da wanda ya ba da fili. Ya shiga damina mai zuwa, ya nemi tsari daga fara da jan-baki da tsutsa. Ya roƙa wa shugabanni shiriya, ya roƙi Allah ya sauƙaƙa tsadar taki, ya zaunar da Shari'a da gindinta. Jama'a suna amin, amin.

Ni bayan Baban Murja nake kallo. Tafukansa a sama, gumi ya jiƙa rigarsa tun daga wuya, kansa ya ɗan karkata wajen jirgin. Yana jin abin da nake ji, ƙarar injin ta fara bushewa. Can na ga ya dafa ƙasa da hannu ɗaya kamar zai miƙe. A daidai lokacin Baba ya shiga mamata, yana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga Baban Murja ya janye hannun daga ƙasa ya sake ɗaga shi.

Wani siririn tururi ya fara fita daga ƙarƙashin jirgin.

Na sunkuya zan bi ta ƙarƙashin igiya, Gwaggo Marka, ƙanwar Baba, ta damƙe hijabina. "Ke, ina za ki? Ubanki ne fa ke addu'a."

"Gwaggo, sake ni, injin zai ƙone."

Wani ɗan agaji ya matso, hannunsa ɗaya a sama yana amin, ya ce da ni cikin ladabi, "Hajiya, ki yi haƙuri a shafa. Ai addu'a ake yi, babu abin da zai ƙone."

Ban tsaya ba shi amsa ba, don abin da ya zo bakina ba na wurin addu'a ba ne. Na fizge hijabina na ratsa ta bayan sahun maza. Ba dama in miƙe kai tsaye, farfela na juyawa ta wannan gefen, dole na zagaya ta gaba. Ina zagayawar na ji warin, wani ɗanɗanon zaƙi-zaƙi a cikin hayaƙi, kuma hayaƙin fari fat. Na kai gefen kujera na ga allura ta wuce jan fenti ta kwanta a ƙarshen agogo. Kafin hannuna ya kai ga makulli injin ya yi tari biyu, farfela ta yi rabin juyi ta tsaya.

Wurin ya yi tsit, sai muryar Baba kaɗai a lasifika tana kai Fatiha ƙarshe. Kowa kansa a ƙasa, ba wanda ya gan ni. Na ja da baya na koma gindin tsamiya kafin a shafa.

Baba ya shafa, ya dubi jirgin, ya yi murmushi. "Ka ga ikon Allah, har injin ma ya saurara. To, Zailani, bismillah. Hau mu gani."

"To, Baba."

Baban Murja ya miƙe ya tafi wajen jirgin. Ya leƙa agogo, ya durƙusa ya dubi salansar injin, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Ya ɗago ya neme ni a cikin mata, muka haɗa ido. Duk da haka ya kira Hambali aka sake jona batir, don Baba ya ce ya hau. Injin ya juya, ya tofar da ruwa, ya juya, ya tofar da ruwa. Wani daga cikin maza ya ce, "Injiniya, ko a tura ne?" Dariya ta ɓarke. Masu ƙosai suka fara kwashe kaya.

Baban Murja ya dawo ya sake tsugunnawa gaban Baba. "Baba, a yi haƙuri, an taso ku a banza. Aikin nawa ne bai nuna ba."

Baba ya ce ba komai, komai da lokacinsa, ya hau babur suka tafi.

Bayan la'asar muna bayan gida, jirgin a ƙarƙashin mangwaro ba fikafikai. Baban Murja ya kwance murfin baƙin mai ya tara kwano. Abin da ya zubo ba mai ba ne, wani farin abu ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, ruwa da mai sun gauraye. Ya tsura masa ido. Ni kuma abin da na haɗiye tun safe ya taso.

"Me ya hana ka miƙe? Taku nawa ne daga inda kake zuwa makullin? Ka je ka kashe ka dawo ka ci gaba da amin ɗinka, wa zai kashe ka? Da mun rasa yau kawai, mu koma wani satin. Yanzu fa? Idona ya lalace a kan keken ɗinki, kai bayanka ya ranƙwafe, ka zauna kana ji yana ƙonewa kamar na wani."

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na yi niyyar tashi. Kin gani ai."

"Na gani. Sai me?"

"Sai ya kira sunan mahaifiyata, Sa'adiya. Tun ina goye ta rasu, ko a gidanmu an daina ambaton ta. Ban san ya san sunanta ba. Yana roƙa mata gafara, ni kuma in miƙe in juya masa baya in tafi wajen inji?"

Maganar nan ta ƙara mini haushi. Muna nan sai ga sallamar Ya'u. Ya shigo ya gaisa, ya jajanta, ya zauna a kan turmi yana juya hula a hannu.

"Baba ne ya aiko ni. Tun da muka koma bai ci abinci ba. Ya ce a faɗa maka kada ka karaya, kuma kada ka ɗora wa aikinka laifi. Ya ce laifin nasa ne."

Na ce a raina, ashe Baba ya gane.

Ya'u ya ci gaba. "Ya ce ganin mutane a rana ya sa ya gaggauta, ya taƙaita addu'ar, akwai abubuwa da yawa da bai roƙa ba. Ya ce in ka gyara ka sa rana, a sanar da shi da wuri. Zai zo ya yi ta cikakkiya."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena, da tururin da allurar da komai. Baban Murja ya riga ni.

"Ka ce wa Baba na gode, Allah ya ƙara girma. In an sa rana, shi zan fara faɗa wa. Kuma ka ce don Allah ya ci abinci."

Ya raka Ya'u har ƙofar gida ya dawo. Ya ɗauki kwanon ya kai bakin rariya yana tsiyayewa a hankali.

Na ce, "Wace rana? Da wane injin?"

"Babu wata rana, Sa'adiya," in ji shi, bai juyo ba. "Amma ki bar shi ya yi ta jira."

Na shige ɗaki na turo ƙofa na yi kukana, don na san in na ƙara minti ɗaya a tsakar gidan nan, hijabi zan ɗauka in nufi Getso.